Firinta ɗaya, kwamfuta uku: sai na sayi wata?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da wake da aya a nan Maradi ya aiko da tambaya. Shagonsa manne yake da gidansa. A shagon akwai kwamfuta mai Windows da firinta ɗaya da aka haɗa da igiyar USB. Ƙanensa mai riƙe lissafi yana da MacBook, ɗansa kuma da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a tasa. Duk mai son buga rasit sai ya kwafe a kile, wato ɗan faifan USB, ya kawo shago. An ce masa kwamfutocin ba sa jituwa, don haka ko dai ya ƙara firinta, ko ya mayar da kowa kan Windows. Yana son sanin wanne ya fi sauƙin kuɗi.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka sayi ko ɗaya. Wanda ya ce maka ba sa jituwa, labarin da ya bar shi da daɗewa yake ba ka. Windows na raba dosiye, wato jakar ajiye fayiloli, tsakanin kwamfutoci ta wata hanya da ake kira SMB, Mac ya iya ta tun daga kamfani, Linux kuma yana da Samba tun 1992 domin wannan aikin. Wajen bugawa ma, Mac da Linux tsari ɗaya suke amfani da shi, CUPS, wanda Apple ya saye a 2007. Kayan aikin duk suna cikin injinan da ke hannunka, kyauta.

Firinta ta biyu kuwa ba kuɗin sayenta kaɗai za ta ci ba. Tawada biyu ce, gyara biyu, ga ƙurar hunturu da ba ta raga wa ko ɗaya. Idan mai ruwan tawada ce kuma tana kwana biyu ba a taɓa ta ba, kanta zai bushe. Jarin da ya kamata ya juya a buhunan wake ya kwanta ke nan a kan tebur.

Ka fara da juya firintar ka dubi bayanta. Idan akwai rami mai kusurwa huɗu irin na igiyar intanet, ko an rubuta wifi a jikinta, to magana ta ƙare da wuri: a haɗa ta kai tsaye da akwatin wifi na gida, kowace kwamfuta ta neme ta da kanta. Ni na fi son igiya a kan wifi, domin bangon siminti da ƙofar ƙarfe tsakanin shago da gida suna cinye siginal, igiyar kuwa tana kaiwa mita 100 ba tare da matsala ba. Yawancin firintocin zamani suna da AirPrint ko Mopria, har daga waya ana iya tura musu aiki.

Idan USB ce kaɗai, a nan ne lissafi yake. Za a bar ta jikin kwamfutar shago, a shiga saitin Windows a kunna raba firinta da dosiye, a tabbatar an sa hanyar sadarwar gidan a matsayin ta cikin gida, wato abin da Windows na Faransanci ke rubutawa Réseau privé. In tana kan ta jama'a, sauran ba za su gan ta ba ko a kwana ana nema. Sharaɗin shi ne kwamfutar shago ta kasance a kunne duk lokacin da wani ke son bugawa. Ƙanenka ya gama lissafi da ƙarfe goma na dare, shago a rufe, to babu bugu sai da safe. Ka auna wannan da kanka: in aikin dare ya yi yawa, gara ka sayar da wannan firintar ka cika kuɗi ka sayi mai ramin igiya, ka ci gaba da zama da guda ɗaya. Akwai kuma ƙananan firintocin leza masu araha da ba sa aiki sai da manhajar kamfaninsu, wasu ba a yi musu ta Mac ba. Kafin ka biya mai gyara ko dala, ɗanka ya duba lambar samfurin firintar a shafin kamfanin ya ga ko akwai ta Mac da ta Linux.

Dosiye ya fi sauƙi. A buɗe guda ɗaya a kwamfutar shago, a ba shi suna, a raba shi. A Mac, cikin Finder, wato manhajar fayilolinsa, a danna Command da K, a rubuta smb:// sannan lambar da akwatin wifi ya ba kwamfutar shagon, irin su 192.168.1.10. A Ubuntu ma wannan adireshin ake rubutawa a manhajar fayiloli. Abin da ke sa mutane sake kiran mai gyara bayan sati ɗaya shi ne lambar nan tana canzawa: kuran ya ɗauke, akwatin wifi ya tashi, ya raba sababbin lambobi, jiya ana bugawa yau shiru. Ka ce wa mai haɗa maka ya kafe lambar kwamfutar shago da ta firinta a cikin akwatin. Aikin minti kaɗan ne, kuma kada ka sallame shi sai an kashe komai an sake kunnawa a gabanka, kowace kwamfuta ta buga takarda ɗaya.

Abin da ya fi damuna a tambayarka ba firintar ba ce, littafin bashinka ne. Dosiyen da ke ɗauke da sunayen masu bin ka da waɗanda kake bi, da takardun kayan da ke bi ta Dan Issa zuwa Jibiya, bai kamata duk wanda ya san kalmar sirrin wifi ya iya buɗe shi ba. Na san halinmu, maƙwabci ya roƙa ba a iya hana shi. To a buɗe wa baƙi tasu hanyar daban, yawancin akwatunan suna da wannan. Kowane mutum uku kuma a yi masa sunansa da kalmar sirrinsa: ƙanenka ya iya gyara lissafi, ɗanka ya iya karantawa kawai. Idan wani ya ce a kunna SMB1, wato tsohon nau'in SMB, don abu ya yi sauƙi, ka ƙi. Ta wannan tsohuwar ƙofar ce cutar WannaCry ta bi ta kulle kwamfutoci a duniya a 2017.

Ka kuma tambayi wace Windows ce a shagon. Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan injin ne zai riƙe takardun kowa. In zai ɗauki Windows 11, a ɗaga shi.

Kuɗin da ka ware wa firinta ta biyu, ka raba shi: igiya, ladan mai haɗawa, da ƙaramin faifan ajiya na waje da za a riƙa kwafe dosiyen a ciki duk ranar Juma'a a kai cikin gida. In ya yi saura, ka sayi batirin riƙe wuta domin kwamfutar shago da akwatin wifi. Firintar leza dai kada a jona ta da shi, lokacin da take ɗumama tana jan wutar da ƙaramin batiri ba zai iya ɗauka ba.