Tambaya da Amsa: Kalmar da Sufeto Ya Rubuta a Kaina

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyarwa a wata firamare a Argungu. Sufeto ya zo duba mu, ya tarar da ajina maƙil da yara, ya ce don me ban kai ƙarshen manhaja ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni alli tukuna." Bayan mako biyu takarda ta iso, an rubuta cewa na amsa masa "with asperity". Abokina ya ce yabo ne, wai 'yar uwar prosperity (wadata) ce. Haka ne?
Daga malamin aji huɗu, Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka ya so ya sanyaya maka rai ne, amma kada ka yanka kaza. Babu dangantaka tsakanin kalmomin nan biyu sai kamar sauti. Abin da sufeto ya rubuta shi ne ka ba shi amsa da kaushi.

Kaushi kuwa nake nufi, irin na dunduniya a tsakiyar hunturu. Asalin kalmar daga Latin ne, asper, wato abin da in ka shafa zai karce maka hannu. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ana karanta ta as-FE-ri-ti, da nauyi a gaɓa ta biyu, sai dai ka haɗe leɓɓa a kan "p" ɗin, kada ka hura ta yadda muka saba.

Abin da ya ba ni sha'awa tun ranar da na fara cin karo da ita shi ne, hanyar da ta bi ita ce hanyar da "kaushi" ya bi a bakinmu. Mun fara da kaushin tabarmar kaba da kaushin tafin manomi, muka wuce zuwa kakkausar murya da kakkausan harshe. Bature ma haka. Yau da wuya ka ji ya yi amfani da ita a kan bango ko dutse, sai injiniyoyi. Su a wurinsu asperities su ne 'yan tudun nan da ido ba ya gani a kan ƙarfe, waɗanda ke cizon juna in ƙarfe biyu suka gogu. Domin su ake zuba wa injin ban ruwa baƙin mai a fadamar shinkafa. Masu nazarin girgizar ƙasa ma sun are ta, suna kiran wurin da duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka maƙale da juna da wannan suna. Ana kuma faɗinta ga tsananin sanyi ko wahalar zama.

Amma a takarda irin taka, harshe ake nufi. Ka kuma lura, ba zagi ba ne, ba tsawa ba ce. Mai asperity bai ɗaga murya ba, bai ambaci uban kowa ba. Gajeriyar amsa ce busasshiya, wadda aka fizge mata gaisuwa da lallashi. Kakata a Jega, Allah ya jiƙanta, in ka tambaye ta ko tuwo ya nuna, ba ta ko ɗago kai daga tukunya, sai ta ce, "Wuta ce ni?" To, wannan ita ce. "A ba ni alli tukuna" ma, ko da "ranka ya daɗe" a gaba, ta shiga layi. Gaskiya ka faɗa, ban musa ba, kuma da ni ne wataƙila da na ƙara da maganar benci.

'Yar uwarta ta jini ita ce exasperate, wato a ƙure mutum har ransa ya yi kaushi. Aspire kuwa, da aspersion, kowace gidanta daban, kada kamanni ya ruɗe ka.

Kada ka shiga da asperity aji ko hira, harsh da sharp sun ishe ka. Kalmar rubutu ce, kusan kullum da with a gabanta. In za ka mayar da amsa, ka rubuta cewa ka yi nadamar kaushin lafazinka, sannan a sakin layi na biyu ka sake roƙon allin, ka faɗi kwali nawa.