Marar Bi Yana Iya Karɓar Bishara?

Tambaya: Malam, a majami'armu a nan Maradi mun yi gardama: shin marar bi yana iya ba da gaskiya idan ya ji bishara?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan gardama ta daɗe. Mabiyan Kalbin, wani malamin tauhidin Kirista, suna kafa hujja da Afisawa 2:1, cewa mai zunubi matacce ne, sai Ruhu Mai Tsarki ya fara rayar da shi, kuma a kan haka taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619 ya tsaya. Mabiyan Arminiyus, wani malamin tauhidin kuma, sun yarda mutum ba ya iyawa da ƙarfin kansa, amma suna cewa alherin Allah yana riskar kowa, mutum kuwa yana iya ƙinsa. Ni na fi karkata ga wannan, domin a Ayyukan Manzanni 17:30 Allah ya umarci dukan mutane su tuba.