Yadda Ake Maƙala Folda a Gefen Hagu na Tagar Fayiloli, da Dalilin da Ke Sa Wata Ta Ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Zariya, kuma yawancin aikina na ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu ne. Foldar da nake ajiye aikinsu tana can ciki, sai na buɗe folda huɗu kafin in kai gare ta, kuma a wuni nakan yi wannan zirga-zirgar sau talatin ko fiye. Na ga akwai wasu foldoji jere a gefen hagu na tagar fayiloli, irin su Desktop da Documents. Na taɓa jan tawa zuwa wurin, sai ta ɓace ɓat, ban gan ta ba sai bayan kwana biyu, a cikin Documents. Yaya ake yin abin daidai? Windows 10 nake amfani da ita.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kafin mu je ga yadda ake yi, ya kamata mu fahimci abin da ke jere a gefen hagun nan, domin daga rashin fahimtarsa ne yawancin matsalolin suke tasowa. Sunan da kake gani a wurin ba shi ne foldar ba, kwatance ne kawai na inda take, kamar yadda mutum zai rubuta maka kwatancen gidansa a takarda. In ka yaga takardar gidan yana nan, in kuma mai gidan ya tashi ya koma wata unguwa takardar ba ta da sauran amfani.

A Windows 10, wadda ta fito a shekarar 2015, ana kiran wannan sashen Quick access, kuma shi ne ya maye gurbin Favorites na Windows 7 da 8. Hanyar da nake ba kowa shawarar bi ita ce wadda ba ta buƙatar jan komai. Ka buɗe tagar fayiloli ta hanyar danna maɓallin Windows tare da harafin E, ka bi hanyar da ka saba bi har ka ga foldar ɗaliban, amma kada ka shiga cikinta. Ka ɗora linzami a kanta, ka danna ɓangarensa na dama, ka zaɓi Pin to Quick access. Nan take sunanta zai bayyana a gefen hagu da ɗan hoton fil kusa da shi, kuma daga yau dannawa ɗaya za ta kai ka. Wani amfanin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, sunan zai riƙa fitowa har a tagar da Word ke buɗewa idan za ka adana takarda ko za ka ɗauko wata, wanda a aikinka nan ne ma lokaci ya fi tafiya. A Windows 11 umarnin bai canza ba, sai dai tun sabuntawar shekarar 2022 shafin farko ya koma amsa sunan Home.

Abin da ya same ka kuwa ga yadda ya faru. Idan kana jan folda a gefen hagu, wuri biyu ne za ka iya sakin ta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin tsinke ba. Idan ka tsaya tsakanin sunaye biyu, wani siririn layi zai fito a kwance, ɗan rubutun da ke bin linzami kuma zai ce Pin to Quick access. A nan ne ake saki. Idan kuwa hannunka ya ɗan zame ka tsaya a kan wani suna, sunan zai haskaka, rubutun ya koma Move to Documents, wato kwamfuta ta fahimci cewa so kake a kwashe foldar da duk abin da ke cikinta a zuba a Documents. Ba ta tambayar ka ko ka tabbata, domin a ganinta umarni ka bayar. Da a ce foldar tana kan wani faifai daban ne, da kwafa za ta yi maimakon kwashewa, ka wayi gari da folda biyu masu suna ɗaya, kana gyara a wannan kana bugawa daga waccan, wanda a wurina ya fi ɓacewar muni. Maganin duka biyun shi ne danna Ctrl da Z nan take, kafin ka yi wani abu, sai komai ya koma mazauninsa.

Tun da shago ne da jama'a ke tsayawa a bayanka suna kallon allo, akwai ƙarin abu ɗaya. Windows tana cusa foldojin da ka fi buɗewa da takardun da ka buɗe kwanan nan a wannan sashen ba tare da ka sa ta ba, sai wani ɗalibi ya ga sunan aikin wani. Ka shiga View, ka danna Options, a ƙasan shafin farko za ka ga sashen Privacy mai ƙananan akwatuna. Ka cire alamar da ke cikinsu, sai abin da ka maƙala da hannunka kaɗai ya rage. Ranar da ka gama da wata folda kuma, ka zaɓi Unpin from Quick access ba tare da fargaba ba, babu takarda ko ɗaya da za ta goge.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Maraɗi. Na maƙala wata folda da ke cikin filash ɗina, tana aiki lafiya, amma wani lokaci in na danna sai kwamfuta ta ce ba ta samu wurin ba, alhali filash ɗin yana jikinta.

Amsa: Malama, kwatancen ne ya daina dacewa da gidan. Windows tana ba kowane filash harafi a lokacin da aka soka shi, kuma takan ba da harafin farko da ba kowa a kai. Ranar da kika maƙala foldar wataƙila filash ɗin E ne, to idan wata rana kika riga kika soka na wata abokiyar aikinki ya karɓe E, naki zai zama F, gajeriyar hanyar kuwa tana can tana neman foldar a E. Ki soka filash ɗin, ki danna dama a kan maɓallin Start, ki buɗe Disk Management, ki danna dama a kan filash ɗin, ki zaɓi canza harafinsa, ki ba shi ɗaya daga cikin na can ƙarshe, kamar R ko S, wanda da wuya wani ya riga ki. Bayan haka ki cire tsohuwar maƙalar ki sake sabuwa. Wannan kwamfutar ce kaɗai za ta riƙe harafin, a wata sai kin sake. Idan Windows ɗinki da Faransanci take, kamar yadda aka fi samu a Nijar, sashen da muke magana a kai shi ne Accès rapide. Ki kuma tuna cewa ganin sunan foldar a gefen hagu ba ya nufin akwai kwafinta a kwamfutar. In filash ɗin ya lalace ko ya faɗi a hanya, sunan kawai zai rage miki.

Tambaya: Ni Ubuntu na sa a kwamfutata, ɗan'uwana kuma Mac gare shi. Mu fa?

Amsa: Na ɗan'uwanka gajere ne: ya zaɓi foldar a Finder, wato tagar fayiloli ta Mac, ya danna Control da Command da T tare, ko ya ja ta zuwa ƙarƙashin Favorites ya sake ta inda layin ya fito, da irin taka-tsantsan ɗin da na faɗa a sama.

A Ubuntu kuwa, ka shiga cikin foldar a manhajar Files, wadda asalin sunanta Nautilus, ka danna Ctrl da D. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ba a ɓoye komai ba. Jerin yana cikin wani ɗan fayil na rubutu zalla mai suna bookmarks, a cikin .config/gtk-3.0 da ke foldarka ta gida, amma ba za ka ga foldar .config ɗin ba sai ka danna Ctrl da H domin bayyana ɓoyayyun foldoji. Kowane layi folda ɗaya ce, yana farawa da file:/// sannan cikakkiyar hanyar, kuma in ka bar sarari ka rubuta wata kalma a bayanta, ita ce sunan da zai fito a gefen hagu. Saboda haka folda mai dogon suna za ta iya bayyana a matsayin Aiki kawai, ba tare da an taɓa sunanta na ainihi ba. Za ka kuma iya kwafe fayil ɗin ka ajiye kafin ka sake ɗora Ubuntu, ka mayar da shi daga baya, muddin sunan mai amfani bai canza ba.

Mu masu sa wa foldoji sunayen Hausa akwai inda za mu yi hattara idan muna gyara fayil ɗin da hannu. Sarari a cikin hanya ana rubuta shi %20 ne, haruffa masu lanƙwasa su ma lambobi ake mayar da su: ƙ takan koma %C6%99, ɗ kuma %C9%97. Idan ka buɗe fayil ɗin ka tarar da foldarka mai suna ɗalibai ta koma %C9%97alibai, ba lalacewa ta yi ba, kada ka gyara. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka bar Ctrl da D su rubuta hanyar da kansu, kai kuma ka taɓa sunan da ke bayanta kaɗai, inda za ka iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke.