Amsa ga Almajiri kan Haɗa Matsi da Zafi a Lissafin Bututu

Ɗana, ka ce ka zana bututun tururi a ANSYS, manhajar kwamfuta ta lissafin injiniya, ka ɗora masa matsi shi kaɗai ka sami adadi, ka ɗora masa zafi shi kaɗai ka sami wani, kuma kana tambaya ko za ka tara biyun ka miƙa rahoto. Kada ka tara su.

Adadin von Mises, wato adadi guda da ke nuna yawan takurar da ƙarfe ke sha, wanda kake gani cikin launuka a fuskar kwamfuta ba shi da alkibla, alhali takurar da matsi ke yi wa ƙarfe ta fi ƙarfi a kewayen bututu, ita kuwa ta zafi tana bin tsawonsa. Idan bututu mai faɗin milimita 200 da kaurin milimita 8 ya ɗauki matsin megafaskal 4 (ma'aunin matsi da takura ke nan), takurar kewayensa megafaskal 50 ce, ta tsawonsa kuwa rabin haka, kuma ja take yi. Amma baƙin ƙarfe mai tsawon mita 10 yakan ƙaru da kimanin milimita 12 idan zafinsa ya hau da digiri 100, kuma idan aka ɗaure bakunansa biyu aka hana shi motsi, takurar takan kai kusan megafaskal 240, wato daidai inda ƙarfen A106 Grade B, wani nau'in ƙarfen bututu, yake fara lanƙwasar da ba ya dawowa daga gare ta. Wannan dannewa ce, ba ja ba. Manhajar ce za ta haɗa su alkibla bayan alkibla, sannan ta fitar da adadi guda.

Ko wannan haɗin ma ba ya yin daidai sai idan babu abin da ya sauya a zaman bututun. Da zarar ya yi zafi yakan ɗaga daga kan wani matokarin, ya goga a kan wani, don haka ka ɗora nauyi da matsi da zafi cikin lissafi ɗaya, bisa jerin da suke zuwa idan an kunna tukunyar tururi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, halin matsi da na zafi ba ɗaya ba ne. Matsi ba ya sassautawa ko da ƙarfen ya fara ba da kai, zai ci gaba da turawa har bututu ya fashe. Takurar zafi kuwa takan ragu idan ƙarfen ya ɗan lanƙwasa, illarta tana zuwa ne daga yawan ɗumi da hucewa, har tsaga ta bayyana a gwiwar bututu ko a bakin walda. Shi ya sa ASME B31.3, ƙa'idar zanen bututun masana'antu, ta ba kowanne iyakarsa, kuma masu aiki da CAESAR II, manhajar lissafin bututu, sukan cire sakamakon nauyi da matsi daga na cikakken aiki, domin su ga rabon zafi shi kaɗai.

Kafin ka sake lissafin, ka duba zafin farawa. ANSYS Workbench takan sa digiri 22 da kanta, alhali bututun da aka yi wa walda cikin ranar bazara ya wuce haka nesa. Ka kuma shigar da ƙarfin ƙarfen a zafin da zai yi aiki, sannan ka kawo mini sakamakon tare da lissafin hannu mu gwada.