Tambaya da Amsa: Wadata da Wariya a Amurka ta Shekarun 1950

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai nazarin tarihi, daga unguwar Gwammaja a birnin Kano. Ina yawan jin ana kiran shekarun 1950 zamanin wadata a Amurka, amma kuma a cikinsu ne nake karanta labarin wariyar launin fata da farautar 'yan gurguzu. Yaya aka yi waɗannan abubuwa suka haɗu a lokaci guda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wadatar gaskiya ce, sai dai ba kowa aka yi rabon da shi ba, kuma daga nan ne yawancin rigingimun zamanin suka taso.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, biranen Jamus da Japan sun zama kufai, Ingila bashi ya yi mata katutu, masana'antun Amurka kuwa suna nan daram, duniya na rububin kayansu. Gwamnati ma ta sa hannu sosai. Dokar tsofaffin sojoji ta 1944 ta biya wa waɗanda suka dawo daga fagen fama kuɗin karatu, ta kuma tsaya musu wajen karɓar rancen sayen gida, abin da ya sa sababbin unguwanni suka yi ta tsirowa a bayan gari. Levittown, kusa da birnin Niyok, ita ce ta fi shahara, inda aka gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. Haihuwa ta yawaita, al'ummar ƙasar ta tashi daga kimanin miliyan 151 a 1950 zuwa miliyan 179 a 1960. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu haɗa jihohi, mota ta zama abin da magidanci ba ya iya rayuwa sai da shi. Talabijin kuwa, wanda a 1950 gida ɗaya cikin goma ma bai mallake shi ba, kafin 1960 ya shiga kusan gida tara cikin goma.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Rancen nan na gida ta hannun bankuna da ofisoshin yanki yake bi, su kuwa sun saba juya wa baƙar fata baya, ko da ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da farar fata. Levittown kanta ba ta sayar wa baƙaƙe gida a farkonta. A ganina wannan ya fi wariyar da ake nuna wa baƙaƙe wajen zama a kujerun motar bas illa, domin gida shi ne dukiyar da ake bar wa 'ya'ya gado, wanda aka hana shi a wancan lokaci an hana jikokinsa ma.

Baƙaƙen ba su naɗe hannu ba. A ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙoli ta yanke cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki, a shari'ar da lauya Thurgood Marshall ya jagoranta. A Disambar 1955 aka kama Rosa Parks a Montgomery saboda ta ƙi tashi ta ba wani farar fata kujera a motar bas, sai baƙaƙen garin suka ƙaurace wa motocin bas har kwana 381, suna tafiya aiki a ƙasa ko suna rage wa juna hanya, kuma a nan ne sunan wani matashin fasto, Martin Luther King, ya fito. A 1957 sai da Eisenhower ya tura sojoji garin Little Rock kafin ɗalibai tara baƙaƙe su iya shiga makarantar sakandare. Talabijin ɗin da ke tallan mota da firiji shi ne ya kai hotunan wannan tashin hankali cikin falon mutane.

Batun farautar 'yan gurguzu kuma tsoro ne ya haife shi. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliya, Sin ta koma hannun 'yan gurguzu, a 1950 kuma yaƙin Koriya ya ɓarke. Sanata Joseph McCarthy ya hau wannan tsoro, ya yi iƙirarin cewa akwai 'yan gurguzu a ma'aikatar harkokin waje, mutane da dama suka rasa aikinsu bisa zargi kawai, har sai da Majalisar Dattawa ta tsawata masa a Disambar 1954.

Abin lura, Malama, shi ne gasar da Sobiyet ta taimaki baƙaƙe ta wata fuska. Ƙasashen Afirka na gab da samun 'yanci, King da kansa ya halarci bikin 'yancin Gana a 1957, kuma gwamnatin Amurka ta gane cewa ba za ta nemi abota a Afirka ba alhali Sobiyet na yayata yadda ake wulaƙanta baƙaƙe a cikin gidanta. Duk da haka dokar kare haƙƙin jama'a da aka yi a 1957 ba ta da ƙarfi sosai, dokokin da suka karya ƙashin bayan wariyar sai a 1964 da 1965 aka same su.