Ɗinkin Kayan 'Yan Sanda Ba Ɗinkin Sallah Ba Ne

Yaro, ka haɗa mini tambaya biyu. Ka ce wani kurtun ɗan sanda ya kawo baƙin yadi, yana so a ɗame masa riga, a tsuke ƙafar wando ta zama fensir irin ta samarin yanzu, kana so ka ji ko za ka bi son ransa. Sannan ka ce me ya sa 'yan sandan da ke cikin tsofaffin hotuna suka fi na yau kwarjini, alhali wasunsu gajeren wando ne ma a jikinsu.

Yadda ake ɗaukar awo da yadda ake haɗa hannu da jikin riga ba zan tsaya a kansu ba. Wanda bai iya wannan ba, ba shi da hurumin taɓa kayan sarki, ya je ya ci gaba da ɗinkin zanin gado. Kuma ka fara tambayar daga inda bai kamata ba. Kai fensir ya dame ka, ni yadin da aka miƙo maka ya dame ni. Ka gwada shi? Na san ba ka gwada ba, don yaran yanzu da sun ga baƙi sai su ce baƙi baƙi ne.

Akwai wani ɗan kwangila da ya taɓa shigowa shagon nan, kai ko zare ba ka iya sa wa allura ba a lokacin. Ya tara kuɗin wasu sababbin kurata da ke son kaya na biyu, don saiti ɗaya ba ya isar mutumin da ke tsayuwar rana kullum, kuma da yawansu da kuɗin aljihunsu suke ƙarawa. Saiti 60 ya kawo. Takardunsa cikakku, bakinsa da zaƙi, kowace jimla sai ya saka "Maigida" a ciki. Samfurin da ya ajiye a kan teburi yadi ne na gaske, haɗin roba kashi 65 da auduga kashi 35, saƙar nan mai layi a karkace, mai nauyi a hannu. An jiƙa shi bai zuba ba, an goge shi bai yi ƙyalli ba. Bandir na farko da ya sauke shi ne samfurin sak. Ya ba da kafin alƙalami kashi ɗaya cikin uku, ya ce kurata za su tashi ranar Litinin, a taimaka a yi dare ana yanka. Ragowar bandiran kuwa sai bayan magariba ya aiko da su, a naɗe cikin leda iri ɗaya, da tambari iri ɗaya. A hasken fitila babu idon da zai raba su da na farko, kuma ya san da haka, shi ya sa ya zaɓi lokacin.

Ɗinki ya fita tsaf, ko yau a ɗauko rigar nan a juya cikinta ba za a sami zare ɗaya yana lilo ba. Amma wanki biyu kacal aka yi wa kayan sai asiri ya tonu. Kafaɗa da gadon baya suka koɗe suka koma ja-ja, wando ya tsuke ya haye saman idon sawu, ruwan wanki ya rine singiletin mutane. Wani ya sami riga daga bandir na farko da wando daga na ƙarshe, sai ga shi a fareti sama baƙi wuluk, ƙasa kalar ƙasa-ƙasa. Shi kuwa mutumin naka sai ya je ya ce musu ai tela ne ya musanya yadi, ya sayar da mai kyau a Kantin Kwari. Ciko bai biya ba. Zare, maɓalli, zif, gam, kuɗin yara shida da suka kwana a kan keke, duk a wuyan shagon nan suka faɗa. Kuɗin ma da sauƙi. Abin da har yau ke yi mini ciwo shi ne mutum 60 sun watsu a jihohi, kowa ya tafi da sunan shagon nan a bakinsa a matsayin inda ake cin yadi. Daga baya na ji ya koma harkar siminti. Allah Ya isa, ban yafe ba.

Saboda haka kafin almakashi ya taɓa yadin kurtun nan, yanki ƙyalle inci 10 tsawo da faɗi, ka auna da kyau, ka jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, ka shanya a rana, ka sake aunawa. In ya koma inci tara da rabi, to wandon inci 42 zai rasa inci biyu, sai a jiƙa yadin gaba ɗaya ya gama tsukewarsa kafin a yanka. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kai da ƙarfi. In ya ɗauko baƙi, rinin a sama kawai yake zaune. Ka zare 'yan zaruruwa ka kusanta su da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. In dunƙulen kawai ka samu babu toka ko kaɗan, roba ce zalla, kuma wanda zai tsaya a shataletale cikin watan Afrilu da wannan a jikinsa zai zage ka har ya yi ritaya. Gwajin nan kowane bandir ake yi wa, ba na sama kaɗai ba, kuma kala a ƙofar shago ake dubawa da rana tsaka. Wani baƙin gindinsa ja ne, wani shuɗi, sai rana ke raba su. Riga da wandon mutum ɗaya daga bandir ɗaya za su fito. Kuma kada ka juya wani ɓangare kai a ƙasa don ka tsira da kwatan yadi: saƙar karkace tana ɗaukar haske ta fuska ɗaya, hannun da aka juya zai fito kamar daga wani yadin aka yanko shi. Araha ba ta ado. A yadi mai faɗin inci 60, yadi uku zuwa uku da rabi ke yi wa matsakaicin mutum riga mai gajeren hannu da wando. Wanda ya kawo biyu da rabi ya ce a lallaɓa, ya tafi wajen mai lallaɓawa.

Yanzu fensir ɗinka. A'a. Ɗan sanda ba tsayawa yake a ɗauke shi hoto ba. Yana tsalle ya hau bayan mota, yana tsugunawa, yana gudu, yana ɗaga ƙafa a fareti, kuma ga ɗamara mai faɗi a ƙugu da kaya rataye. A ƙirji ka ƙara inci 4 zuwa 6 a kan awon jiki, a mazaunai 3 zuwa 4, a cinya kada ya gaza biyu da rabi. Bakin ƙafar wando kewayensa inci 16 zuwa 18, ya sauka a kan takalmi ya karye sau ɗaya. Fensir na inci 12 ko 13 ba ya riƙe karin guga, don gwiwa na tura shi ya bushe da ƙullutu, kuma a kan but sai ya maƙale a sama. Ranar da ya ɗaga ƙafa zai hau mota, ɗinkin tsakiya ne zai fara magana, a gaban 'yan acaɓa da masu tallan ruwa. Mutumin da wandonsa ya yage a bainar jama'a, da wane baki zai tsawatar?

Ɗinkin tsakiyar nan sau biyu ake binsa, da zaren roba mai ƙarfi, allura lamba 16, taku 10 zuwa 12 a kowane inci. Bakin aljihu, ƙarshen zif da gindin kowane madaukin bel, a ɗaure su da ɗinkin kai-komo. Madaukan kuwa auna ɗamararsa ta aiki za ka yi, ba bel ɗin da ya sanyo da kayan gida ba. Ɗamarar inci biyu tana son madauki inci biyu da rabi, guda bakwai, ɗaya a tsakiyar baya. Jelar riga ta sauka inci 7 ko 8 ƙasa da ƙugu. Yaran yanzu suna datse ta don cin yadi, shi ya sa za ka ga jami'i ya ɗaga hannu zai tsayar da mota, riga ta zaro, singileti a waje.

Inda ake gane tela shi ne kwala, murfin aljihu da maɗaurin kafaɗa. Gam, wato ƙyallen da ake mannawa a ciki don kwala ta tsaya, in mai arha ne yana kumbura ya yi ƙuraje bayan wanki uku, sai kwala ta kwanta ta nannaɗe. Sayi mai saƙa, ka manna shi da dutsen guga mai matsakaicin zafi, dannawa ake yi ana ƙirga goma, ba gogawa ba, kuma ka bar shi ya huce kafin ka ɗaga. Maɗaurin kafaɗa a cikin ɗinkin kan hannu yake shiga, faɗinsa inci biyu a gindi ya tsuke zuwa ɗaya da rabi, maɓallinsa kusa da kwala. A nan anini ke zama, in ya karkace, muƙamin mutum ya karkace. Igiya biyu ta kofur ce, uku ta saje, wannan ko ɗan firamare ya sani. Amma inda ake maƙala suna da lamba da tambari, kada ka yi hasashe: ya kawo rigar da aka ba shi a hukumance ka kwafa daga jikinta. Guga kuma ta ciki ake yi, ko a shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗanshi a kai. Dutse mai zafi kai tsaye a kan baƙin yadi mai roba yana barin ƙyallin da ba ya fita har abada, sitaci mai kauri kuma yana barin fari-fari a bakin ɗinki.

Batun kwarjini, kayan sun sha canzawa, ba yau aka fara ba. Kafin Turawa dogarai ne masu tsare doka, da manyan rigunansu ja da kore da rawani, ana hango su tun daga nesa a san saƙon sarki ya iso. Sai aka zo da 'yan doka na En'e, a gefe guda kuma 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗa na Arewa da na Kudu suka zama rundunar Nijeriya guda a 1930. A zamanin Gowon, ƙarshen shekarun 1960, aka fara narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. Baƙin nan da kake ɗauka tun fil'azal yake, wajen ƙarshen shekarun 1980 ya shigo, kuma a ra'ayina ba a yi shawara da tela ba, ba a kuma yi shawara da ranar Sakkwato ba. Baƙi yana shan zafi, yana nuna ƙurar hunturu, kuma shi ne kalar da ta fi saurin tona asirin yadi marar kyau. Kakin da ya koɗe kaki ne har yanzu, baƙin da ya koɗe kuwa tsumma ne. A 2012 Sufeto Janar M.D. Abubakar ya fito da kaki mai dabbare-dabbare. Ga mai riga shuɗiya da baƙin wando, ga 'yan kwantar da tarzoma da nasu, ga masu ba da hannu da rigarsu ruwan lemo. A watan Maris na 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince wa 'yan sanda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula da ƙaramin ɗan kunne. Wannan ban ga aibinsa ba, in dai yadin ɗankwalin marar santsi ne. Mai santsi yana zame hula ta koma ƙeya.

Mutanen cikin hotunan nan ba kyan halitta suka fi na yau ba. Abin da idonka ya gani bai gane ba shi ne su goma a jere kala ɗaya, yanka ɗaya, tsawon wando ɗaya, saboda daga sito ɗaya kayan suka fito, kuma saje yana bin layi yana duba kari, maɓalli da ƙyallin takalmi. Yau kowa da telansa, kowa da yadinsa, sai ka ga mutum biyar a shinge da baƙi kala biyar, wani da silifas, wani riga a buɗe. Ka tuna 'yan SARS, sashen yaƙi da 'yan fashi, kafin a rusa su a watan Oktoba na 2020, da yawansu ƙananan kaya suke sawa da bindiga a kafaɗa, mai mota bai san ko hukuma ce ta tare shi ko 'yan fashi ba. Jama'a ba sa girmama abin da ba su iya ganewa. Ban ce maka ɗinki ne kaɗai ba. Wanda ya miƙa hannu ya karɓi na goro a kan titi, ko ni na ɗinka masa kaya ba za a gan shi da daraja ba. Amma wannan ba sashenmu ba ne, namu shi ne kada ya fita daga shagon nan a wulaƙance.

Saura abin da ya fi fensir haɗari, kuma ko tambayarsa ba ka yi ba. Wa ya ce maka ɗan sanda ne? Sanya kayan ma'aikacin hukuma don a yaudari jama'a laifi ne a doka, kuma a 2022 hedikwatar rundunar ta yi gargaɗi a kan masu sayar da kayanta ba da izini ba, har da masu sa su a fim da wasan barkwanci. Ranar da aka kama ɓarawo da kaki, tambayar farko ita ce wa ya ɗinka. Gobe in ya dawo, ya nuna katin shaidarsa, ka rubuta sunansa, lambarsa da ofishin da yake aiki a littafin shago, ya sa hannu. Ka yanki ƙyallen yadinsa ka manna a gefen sunan, shi ma ya sa hannu a kai, don kada wata rana a ce an musanya. Ya biya rabi kafin a yanka. In ya dage sai fensir, ka ba shi inci 16, shi ne iyaka. In ya ƙi, naɗe masa yadinsa. Kuma kada ka yanka sai na ga ƙyallen gwajin ya bushe.