Malamina ya ce in kawo hujja daga mujallun ilimi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a fannin aikin gona, ina rubuta kundin kammala digiri a kan adana wake. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babin farko, ya ce bayanan da na kwaso daga intanet ba hujja ba ne, sai na mujallun ilimi. Mene ne bambancin, kuma ina zan same su, tunda waɗanda na gani sai an biya kuɗi? Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana da gaskiya. Kafin mujallar ilimi ta buga maƙala, sai ta aika ta ga wasu masana fannin, galibi biyu ko uku, su tantance yadda aka yi binciken, kuma sau da yawa sukan mayar wa marubuci ya gyara, ko su ƙi ta gaba ɗaya. Wannan tankaɗe da rairaya shi ne abin da shafukan intanet na gama-gari ba su da shi.

Ke kam kin yi sa'a, domin an yi gwaje-gwajen buhunan adana wake masu ruɓi uku da ake kira PICS, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, a cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke nan Maraɗi, kuma an buga sakamakon a mujallar Journal of Stored Products Research. Idan kin samu irin wannan maƙala, kada ki tsaya ga taƙaitaccen bayanin da ke samanta, kamar yadda ɗalibai da yawa suke yi. Ki karanta sashen da ya bayyana inda aka yi gwajin, da yawan buhunan, da watannin da waken ya yi a ajiye, domin sakamakon da aka samu a ƙasa mai damshi ba lallai ya dace da zafin Maraɗi ba.

Batun kuɗi kuwa, shirin AGORA, wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta buɗe a 2003, yana ba cibiyoyin ilimi na ƙasashe irin Nijar damar karanta mujallun aikin gona kyauta. Ki tambayi ma'aikacin ɗakin karatu ko makarantarku ta yi rajista. Akwai kuma shafin AJOL mai tattara mujallun Afirka, da shafin Persée ga mai son na Faransanci. Maƙalar da ta gagara samuwa, ki rubuta wa marubucinta wasiƙa cikin ladabi, yawancinsu sukan turo kwafi.